Tambaya da Amsa: Bogan da Ake Miƙowa ta Tagar Mota

Yawancin wasiƙun wannan karon a kan abu ɗaya suka taru, wato shagunan boga (gasasshen curin niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi) da ke ta ƙaruwa a Accra, babban birnin Ghana, musamman waɗanda mutum ba ya sauka daga mota: ko dai ya bi layi har bakin taga, ko ya faka a kawo masa. Masu sana'ar gasa nama da girki da masu duba tsaftar abinci ne suka haɗu suka ba da amsoshin.

Assalamu alaikum. Shago ɗaya nake saye kullum, amma yau naman ya zo da laushi da romo, gobe ya zo busasshe sai na kora da ruwa. Canza nama suke yi ko kuwa?
*Wani direban tasi, Lapaz*

Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ne an canza naman, amma sau da yawa nama ɗaya ne, hannu da lokaci ne suka bambanta.

A fara da kitse. Curin boga mai kyau yana son tsoka kashi 80, kitse kashi 20, wato a kowane kilo ɗaya a samu giram 800 na tsoka da giram 200 na kitse. Shanun da ake gangarowa da su daga arewa da Burkina Faso zuwa kasuwar Tulaku ta Ashaiman shanun kiwo ne da suka sha tafiya, namansu ba shi da kitse a cikin tsoka. Wanda ya san aikinsa yakan sayi naman kafaɗa ko na ƙirji, ya ce wa mahauci ya ƙara masa tozo ko farin kitse, a niƙa su tare. Ranar da mai shago ya sayi jan nama zalla, ko don ya fi araha ko don shi ya samu, duk ƙwarewar mai gashi boga zai fito busasshe.

Sai gishiri. Idan aka zuba gishiri cikin niƙaƙƙen nama aka murje shi tun da safe, naman yakan kama jikinsa ya yi danƙo, in an gasa ya yi tauri yana ja a haƙori. Gishiri da yaji a bayan curi ake barbaɗa su, daf da ɗora shi a wuta. Curin ma ba a son a matse shi da ƙarfi. A tattara shi kawai ya tsaya, kaurinsa santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗan lotsa tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura ya tattare.

Abin da muka fi gani yana ɓata boga a lokacin cunkoso shi ne danna nama. Motoci sun yi layi, ana ta danna hon, sai mai gashi ya sa cokalin juyi ya danne curin a kan farantin ƙarfe don ya gasu da wuri. Wannan ƙarar “caaa” da kake ji romon naman ne ke ƙonewa. Curi mai giram 125 dama yakan rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wuta. In an danne shi, abin da ya saura ma tafiya yake yi. Ƙa'idar ita ce faranti ya yi zafi sosai, wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a ɗora, a bar shi minti uku zuwa huɗu, a juya sau ɗaya, a ƙara minti uku zuwa huɗu. Akwai irin da ake latsewa da gangan ya yi siriri, amma shi a cikin daƙiƙun farko ake latse shi, tun kitsen bai narke ba.

Na ƙarshe shi ne jira. Shaguna da yawa kan gasa curi goma ko ashirin su jera a mazubin ɗumi kafin mutane su zo. Wanda ya yi minti 15 a nan da sauran daɗinsa. Wanda ya yi awa guda ya bushe. Tunda aikinka na yawo ne, lura da lokacin da kake zuwa. Da azahar ko bayan magariba nama ba ya zama. Da ƙarfe huɗu na yamma kuwa, abin da ya rage na rana za a iya miƙo maka. A irin wannan lokaci ka ce a gasa maka sabo, ka yarda da jiran minti takwas zuwa goma.

Na saya wa yarona mai shekara 6, da ya gatsa sai na ga cikin naman ja. Na koma, yarinyar da ke taga ta ce ai haka ake cinsa a ƙasashen waje. Tsire ma wani lokaci cikinsa bai gama nuna ba kuma muna ci. Ina gaskiyar take?
*Wata uwa, Mamobi*

Hajiya, ke ce da gaskiya, kuma kin kyauta da kika koma. Kada ki sake bari yaro ya ci niƙaƙƙen naman da cikinsa bai gasu ba, ko wa ya ce miki haka ake yi.

Bambancinsa da tsire a fili yake. Ƙwayoyin cuta a bayan nama suke zama, inda wuƙa da hannu da katakon yanka da ƙazantar hanji suka taɓa. Yankan tsire da zarar ya hau wuta bayansa ne ke fara ƙonewa, ƙwayoyin su mutu. Injin niƙa kuwa yana kwashe abin da ke baya ya cusa shi ko'ina, har tsakiyar curi. Don haka dole tsakiyar ta kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. In na kaza ne, digiri 74. Ƙwayar da aka fi tsoro a nan ita ce wani nau'in E. coli da ake kira O157:H7. A shekarar 1993 a Amurka, bogan da bai gasu ba ya jawo wa mutum fiye da 700 rashin lafiya, yara huɗu suka rasu, kuma tun daga nan aka tsananta ƙa'idar gasa niƙaƙƙen nama a can. Wato ƙasashen wajen da aka ambata miki su ma sun ji a jikinsu.

Launi kaɗai ba shaida ba ne. Nama kan iya yin ruwan ƙasa tun bai kai zafin da ake so ba, musamman wanda ya daɗe a firiza. Shago na ƙwarai yana da ɗan ma'aunin zafi mai tsini da ake sokawa ta gefen curi har tsakiya. Ke da kike cikin mota ba ki da shi, don haka ki raba bogan biyu kafin ki miƙa wa yaro: in kin ga ja, ko ruwa mai launin jini, ko tsakiyar da sanyi-sanyi, ki mayar. Tsakiya mai sanyi alama ce an ɗauko curin daga firiza an ɗora a wuta mai ƙarfi, baya ya ƙone ciki bai narke ba.

Ki sa ido a kan yaron na kwana bakwai zuwa goma. Wannan ƙwaya takan ɗauki kwana uku ko huɗu kafin ta nuna kanta. Murɗar ciki mai tsanani, gudawa da jini, raguwar fitsari, kasala ko kumburin fuska, kowanne kika gani ki kai shi asibiti nan take, ki faɗa wa likita abin da ya ci da ranar da ya ci. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, amma kada ki saya masa maganin tsayar da gudawa ko na kashe ƙwayoyin cuta a kemis bisa ra'ayin kanki, domin a irin wannan ciwo suna iya ƙara dagula lamarin har ya taɓa ƙoda.

Tunda an zo nan, ba nama kaɗai ke kawo ciwo ba. Latas da kabeji da tumatir da ke cikin boga ba su ga wuta ba. Wani ɓangare na latas ɗin da ake sayarwa a Accra a cikin gari ake noma shi, a bakin magudanai, da ruwan da ba shi da tsafta. Tsoma shi cikin roba ɗaya ta ruwan gishiri tun safe har dare ba wanki ba ne. A cire ganyen waje, a ware ganye ɗaya-ɗaya, a wanke a ruwa mai gudu, a jiƙa na minti biyar ko fiye a ruwan da aka zuba binega da yawa, a tsane. Mutanen wannan gari ba su manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, akasarinsu a yankin Accra. Mayonis kuma da zarar an buɗe shi firij ne wurinsa. Abinci mai lalacewa bai kamata ya wuce awa biyu tsakanin digiri 5 da digiri 60 ba, kuma in zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi a nan cikin watan Maris, awa ɗaya ce kawai. Ga ƙaramin yaro, ki ce a cire ɗanyen ganye a bar nama da burodi da cuku.

Ta yaya zan tabbatar naman halal ne? In na tambaya sai a ce mini “naman sa ne”, shi ke nan.
*Wani malamin makarantar allo, Fadama*

Allah ya gafarta Malam, “naman sa ne” amsa ce ga wata tambaya daban. Abu uku ake dubawa.

Na farko, inda naman ya fito. Wanda ke saye a hannun mahautanmu, ko a Nima ko a Ashaiman, ya niƙa da kansa, zai faɗa maka sunan kasuwar ba tare da inda-inda ba. Wanda ke amfani da curin da aka shigo da shi a daskare cikin kwali, kwalin na ɗauke da ƙasar da aka yi shi, da jerin abin da aka haɗa, da tambarin halal in akwai. Ka nemi a nuna maka kwalin. Wannan ba neman rigima ba ne, kuma mai shagon da ke son cinikin mutanen zango zai fito da shi da hannunsa.

Na biyu, farantin gashi. Duba allon farashi tun kafin ka yi oda. In ka ga bekon ko sosej na alade a jerin, tambayi ko farantinsu daban ne. A ƙaramin shago faranti ɗaya ne, cokalin juyi ɗaya ne, kitsen wannan na malalawa ƙarƙashin wancan. Kankare faranti da ƙarfe tsakanin oda da oda ba ya raba su.

Na uku shi ne wanda mutane ke mantawa: man suya. Dankali da kaza da sosej kan shiga tukunyar mai ɗaya. Ko dankali kaɗai ka saya, tambayar tana nan.

Hukunci kan yankan da aka yi a wata ƙasa fagenku ne, Malam, ba namu ba. Abin da za mu ce shi ne yarinyar da ke taga galibi ba ta san inda ake sayen nama ba, kuma za ta faɗi abin da zai sa layi ya tafi. Ka faka, ka nemi manaja, ka tambaye shi sau ɗaya a lokacin da ba cunkoso. In amsarsa ta gamsar da kai, ka huta da tambaya kullum.

Ina saye a hanyar Spintex, kafin in isa gida dankalin ya yi laƙwas, burodin ya jiƙe.
*Wata ma'aikaciyar banki, Madina*

'Yar'uwa, tururi ne. Soyayyen dankali bai fi minti bakwai zuwa goma yana ƙaras-ƙaras ba, kuma in an rufe shi a roba ko an ƙulle bakin leda, tururinsa ne ke komawa ya jiƙa shi. Daga Spintex zuwa Madina da yamma kuwa kin san abin da hanya ke ci. Ki bar bakin jakar a buɗe, ki ce a zuba miki miya da mayonis a ƙaramin mazubi daban, tumatir da latas ma daban, ki haɗa a gida. Burodin da aka gasa cikinsa a faranti da ɗan bota ya fi jure romo, don haka ki roƙi a gasa. Soyayyiyar doya ta fi dankalin turawa jure tafiya. In suna da ita, ita za ki ɗauka. Idan kuwa tun a taga dankalin ya zo da duhu, yana naso, yana warin tsohon mai, to laifin mai ne: ko bai kai digiri 175 ba aka zuba, ko an cika kwando ya huce, ko ya daɗe ba a canza ba.

Sau biyu ke nan ina biya da MoMo, wato kuɗin waya, in je gida in tarar ba abin da na ce ba ne, ko babu abu ɗaya. Da na koma na yi magana sai aka ɗaga mini murya wai ni na faɗa ba daidai ba. Me ya kamata in yi?
*Wani ɗan kasuwa, Nima*

Alhaji, ɗaga wa mai saye murya ba shi da hujja ko da shi ne ya yi kuskure. Amma bari mu nuna maka inda odar ke karkacewa, don ka san inda za ka tare ta.

Oda tana bin hannu huɗu: mai karɓa, mai gashi, mai haɗawa da naɗewa, da mai miƙawa. A wajen mai karɓa akwai ƙarar inji da hon, ga harshe: kai kana Hausa ko Turanci, ita wataƙila Twi ko Ga ta fi ji. “Ban da albasa” in ba a rubuta a takarda ba, ba zai isa kicin ba. In an rubuta amma ba a yi alama a jikin takardar naɗi ba, mai miƙawa ba zai bambance naka da na wani ba, duk kamarsu ɗaya. Babbar matsalar kuma tana faruwa ne idan aka ce wata mota ta koma gefe ta jira: daga nan jerin jakunkuna ya saɓa da jerin motoci, sai kowa ya tafi da na wani.

Naka aikin kaɗan ne. Bayan ka gama faɗa, ka ce a maimaita maka. Kafin ka danna lambar sirrinka ta MoMo, duba sunan da ya fito da adadin kuɗin. In sunan wani mutum ne ba na shago ba, tambayi dalili. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ba a miƙa waya ta taga a danna maka. Karɓi rasit, domin shi ke nuna abin da aka buga da harajin da aka ɗora, irin su VAT da NHIL da GETFund, waɗanda kan sa kuɗin ya zarce na allo in farashin allon bai haɗa da su ba. Sa'an nan, kafin ka ɗaga ƙafa daga birki, buɗe jakar ka ƙirga. Rabin minti ne. Na bayanka zai yi hon, bar shi ya yi; da zarar ka bar harabar, magana ta zama taka da tasu.

In an yi kuskure, kada ka tsaya jayayya a taga. Wadda ke nan ba ta da ikon mayar da kuɗi, wani lokaci ma daga albashinta ake cirewa, shi ya sa take kare kanta da faɗa. Faka, ka nemi mai kula da aiki, ka nuna rasit da abin da aka ba ka, ka faɗi abin da kake so: a sake yi, ko a mayar da kuɗi. In an cire maka kuɗi sau biyu, lambar cinikin da ke cikin saƙon MoMo ita ce shaidarka. Idan kuwa abin ya shafi lafiya, kamar ruɓaɓɓen nama ko ƙwaro ko gashi a abinci, ɗauki hoto, ajiye abincin da takardarsa, ka kai ƙara ga hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA, ko sashen tsaftar muhalli na majalisar yankin da shagon yake.

Ga masu shaguna da ke karanta mu: a rubuta launin mota da ƙarshen lambarta a kan kowace takardar oda, a sa mutum ɗaya da aikinsa kawai duba jaka da rasit kafin a miƙa. Kuma in an dawo da boga, sabo ake yi. Cire albasar da yatsa a mayar da shi cikin takarda cin mutunci ne, kuma mai saye yana ganewa.

Ina tsire, ina so in ƙara boga in riƙa miƙa wa masu mota. Me zan tanada?
*Wani matashi, Ashaiman*

Ƙanena, ka fi mutane da yawa sa'a, tunda ka san nama, ka san wuta, ga Tulaku a kusa da kai. Abin da zai zame maka sabo shi ne sanyi. Tsire kan jure abin da niƙaƙƙen nama ba ya jurewa. Niƙa na yini ɗaya kawai, naman da injin duk su kasance da sanyi, domin kitse in ya yi ɗumi shafewa yake yi a injin. Kilo ɗaya zai ba ka curi takwas masu giram 125. Sayi ƙaramin sikeli, kada ka auna da ido, in ba haka ba ribarka a nan za ta zube. Jera su da takarda a tsakani, a firij ƙasa da digiri 5, ɗanyen nama a can ƙasa, ganye da burodi a sama, don kada jini ya ɗiga. Firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. A kwance injin niƙa gaba ɗaya a wanke da ruwan zafi da sabulu bayan kowane aiki.

Yi shirin ɗaukewar wuta tun yanzu. Firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firiza cikakkiya ta kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. In ba ka da janareta, ajiye ƙanƙara da akwatin sanyi. Niƙaƙƙen naman da ya narke har ya yi ɗumi zubarwa ake yi, ba a mayar da shi firiza, kuma yaji ba ya gyara shi.

Kayan aiki: farantin ƙarfe mai kauri a kan gas, don siririn faranti yakan huce da zarar an jera nama, cokulan juyi biyu, na ɗanye da na gasasshe, katakon yanka biyu, ma'aunin zafi, wurin wanke hannu da sabulu. Mai karɓar kuɗi kada ya taɓa burodi. Safar hannu da aka karɓi kuɗi da ita aka koma kan latas ba ta da wani amfani. A lokacin cunkoso, bayan magariba da lokacin buɗa-baki da ranakun sallah, mutum uku ne mafi ƙaranci. Fara da boga iri biyu ko uku kawai. Ɗaya mai yajin tsire, ɗaya mai shito, wato baƙar miyar barkono ta Ghana, za su bambanta ka da manyan shaguna.

Takardu kuwa: rajistar sunan kasuwanci, izinin gudanar da kasuwanci daga majalisar Ashaiman, takardar shaidar lafiya ga duk mai taɓa abinci wadda ake samu bayan gwaji kuma ake sabuntawa, da izinin tsaftar abinci na FDA, wadda ke aiki ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Tunda da gas za ka yi aiki, ka nemi jami'an kashe gobara su duba wurin, tukunyar gas ta zauna a waje inda iska ke ratsawa. Kafin ka biya kuɗin haya, je ka tsaya a wurin da ƙarfe shida na yamma ka ga ko mota uku za su iya tsayawa ba tare da sun tare hanyar trotro, wato ƙananan motocin haya, ba.